Giram ashirin a rana: yadda muka reni bakwainiyar 'yarmu

'Yata ta zo duniya ciki yana da mako 30, nauyinta kilo 1.35. Haihuwata ta uku ce. Yayyenta biyu sai da suka cika wata tara cif, kowannensu ya haura kilo 3, shi ya sa da faya ta fashe mini cikin dare a tsakiyar hunturu ban kawo haihuwa a raina ba sam. Maƙwabcinmu ne ya ɗauke mu a motarsa daga Gwale zuwa asibiti. Aka yi mini allurar da ke sa huhun jariri saurin nuna, likita ya so a ja lokaci ko da na kwana biyu ne, amma naƙuda ba ta saurare shi ba.

Ban samu na riƙe ta ba. Ɗaga mini ita kawai aka yi na gani, aka naɗe ta, aka yi ɗakin jarirai na musamman da ita, aka sa ta a kwalba. Sai washegari na iya takawa na je na tsaya a kanta. Fatarta ja wur, sirara, kana hango jijiyoyin da ke ƙarƙashi. Haƙarƙari a fili, duk numfashin da ta ja sai ƙirjin ya lotsa. Babu kumatu, babu mazaunai, cinyoyin fata ce kawai a kan ƙashi. Ga robar abinci ta hanci, ga ta oksijin, ga ƙarin ruwa a hannu.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata, duk abin da aka ba ni shi da lamba ya fi zauna mini a kai. Likitar da ke kula da ɗakin, mace ce mai haƙurin bayani, ta gane haka da wuri, ta riƙa ba ni lambobin. Abin da ta fara nusar da ni shi ne ramar da nake gani ba ta yunwa ba ce, ba kuma ta ciwo ba. Wata ukun ƙarshe na ciki su ne lokacin da ɗan tayi yake tara abin da zai fito da shi. A mako 30, kitse bai fi kashi 5 cikin 100 na jikinsa ba, ruwa kuwa ya haura kashi 80. Wanda ya cika wata tara yakan fito da kitse kashi 11 zuwa 15, ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 75. Sinadaran kalsiyam da fosfaras masu gina ƙashi, kusan kashi 80 nasu a waɗannan watannin suke ratsawa daga uwa zuwa ɗa ta mabiyiya, haka ma mafi yawan sinadarin ayon da ake yin jini da shi. Tawa ta fito saura mako 10. Duk aikin da mahaifa za ta ƙarasa mata a ɓoye ya dawo kanmu, sai dai mu yi shi da sirinji da kofi.

Rashin kitsen nan ne ya sa sanyi ya zama babban abokin gabar bakwaini. Ana son zafin jikinsa ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Selsiyos, shi kuwa ba shi da abin da zai riƙe ɗumin da shi. Kuma duk ƙarfin da ya ƙona wajen ɗumama kansa, daga cikin wanda zai yi girma da shi aka zaftare. Wanda ya san asubahin Kano a watan Disamba ya san abin da nake nufi.

Awo kullum da safe ake yi, kafin ciyarwa, tsirara, a kan sikeli ɗaya ba a canzawa. A makon farko lambar ƙasa ta riƙa yi, har ta kai kilo 1.2. Ranar na zauna a benci ina kuka. Wata tsohuwar nas da kowa ke ce wa Sista ta dafa ni ta ce, "Maijego, share hawayenki. Ruwa ne yake fita, ba naman jikinta ba. Su yayyen nata ma sun yi, ba ki gani ba ne don ba a auna su kullum." Jaririn da ya cika watanninsa yakan sauke har kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwarsa a kwanakin farko, bakwaini kan kai kashi 15, sannan cikin mako biyu zuwa uku ya maido abin da ya sauke. Tamu ta maido a cikin wannan tsakanin. Shawara ta ɗan taɓa ta, aka rufe mata ido aka sa ta ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ta wuce.

Suna kuwa ba a fasa ba. Ranar bakwai aka raɗa a masallacin unguwa, aka yanka rago, mai sunan da uwarta suna asibiti. Aski da taron mata aka ce sai Allah ya sa mun dawo.

Aikina na gaske a ɗakin nan tatsa ne. Tun ranar farko Sista ta ce mini dakashi ko ɗigo ɗaya ne in kawo, ta zuƙe shi da ƙaramin sirinji ta shafa wa yarinyar a cikin kumatu. Na tuna yadda a gidajenmu wasu tsofaffi ke cewa a tatse shi a zubar wai bai da kyau, ga shi nan ana lallaɓa shi ana ƙirga ɗigonsa. Da mililita 1 zuwa 2 aka fara ba ta ta roba, ana duba cikinta ko ya kumbura, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ana rage ƙarin ruwan, har aka kai inda ake so, wato mililita 150 zuwa 180 a kan kowane kilo na nauyinta a yini da dare. Idan aka raba, bai wuce mililita 20 duk bayan awa biyu ba. Ba a fashi, ko ƙarfe biyun dare ne. Ni kuma sai na tatsa aƙalla sau takwas a yini da dare, in ba haka ba nonon ya janye, tunda babu mai tsotsa.

Na tambayi dalilin da ba za a sa mini ita a nono kai tsaye ba. Ashe haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda aiki ne da jariri ba ya iya shi sai wajen mako 32 zuwa 34, kafin nan shaƙewa zai yi. Na kuma tambayi madarar gwangwani, don a lokacin gani nake ɗan abin da nake tatsa ba zai ishe ta ba. Likita ta ce hanjin bakwaini ɗanye ne, akwai wani mugun ciwo da ke kumbura shi har ya ruɓe, kuma ya fi kama waɗanda aka ba madara a kan masu shan nonon uwa. Ta ƙara da wani abin da har yau nake tasbihi idan na tuna: nonon matar da ta haifi bakwaini ya fi na wadda ta cika wata yawan furotin a makonnin farko, daidai lokacin da ɗan ya fi buƙata. Ta koya mini in riƙa tatse nono ɗaya tas kafin in koma ɗayan, saboda wanda ke fitowa a ƙarshe ya fi maiƙo.

Mu iyaye mata da ke kwana a gefen ɗakin mun zama 'yan uwa. Akwai ta Bichi, akwai ta Wudil, akwai mai tagwaye daga Kurna, domin idan aka haifi irin waɗannan jarirai a gida ko a ƙaramin asibiti, manyan asibitocin birni ake nufa da su, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Gaisuwarmu ta safe bayan an kwana lafiya ita ce, "Naki nawa ya ƙara?" Matan da ba su taɓa furta kalmar giram ba sun iya ta fiye da ɗalibaina. A da na ɗauka abin namu baƙon abu ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin cikar mako 37 a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin goma, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Ba kowace a cikinmu ta koma gida da goyo ba. Wannan ba zan tsaya a kansa ba, Allah ya ba su haƙuri, ya sa masu ceto ne.

Abin da ake nema bayan ta maido nauyinta shi ne ƙarin giram 15 zuwa 20 a kan kowane kilo a rana. A jikin tawa ya kama giram 20 da 'yan kai. Wata rana ta ƙara 30, wata rana 5, wata rana babu ko ɗaya saboda ta yi kashi kafin awo. Likita ta hana ni tayar da hankali a kan lambar rana guda, ta ce in tara na mako in raba bakwai. Wannan kam ta same ni a gida.

Da numfashinta ya daidaita aka fara ciro ta daga kwalba ana ɗora mini a ƙirji, daga ita sai hula da safa da nafkin, fatarta a jikin fatata, a miƙe tsakanin nonuwa, kanta a juye gefe, a ɗaure mu da zane. Likitoci na kiran wannan kulawar kangaru, mu goyon ƙirji muke cewa. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya faro shi a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda ƙarancin kwalabe da cunkoson jarirai a asibitinsu. An yi wani babban gwaji a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi namu a Ile-Ife, sakamakon ya fito a 2021: fara goyon nan da nan bayan haihuwa ga jarirai masu kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da jira sai sun daidaita. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa farawa da wuri, a yi awa 8 zuwa 24 a rana. A makonnin da na fi daɗewa da ita a ƙirji, ƙarin nata ya fi tafiya daidai, nonona ma ya fi zuba. Wahala dai akwai ta. Barci a kishingiɗe, baya ya ƙage, ga zaman jego ba wanka irin na gida ba komai ba.

Sau ɗaya a mako ake wani awon da mu iyaye ba mu cika damuwa da shi ba. A zagaya kanta da tef, a miƙar da ita a kan allo a auna tsawonta. Ana son kowannensu ya ƙaru da kusan santimita 1 a mako. Na lura likita ta fi daɗewa tana kallon waɗannan lambobin a kan na sikeli, sai na tambaye ta. Ta ce, "Malama, sikelin nan namu da na 'yan hatsi a Dawanau duk ɗaya ne. Zai gaya miki nauyin buhu, ba zai gaya miki abin da ke cikinsa ba."

Daga nan ta buɗe mini abin da ya canza yadda nake kallon girman yaro gaba ɗaya. Nauyin jiki kashi biyu ne: kitse, da kuma duk abin da ba kitse ba, wato tsoka da ƙashi da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa da ruwan da ke cikinsu. Jariri biyu za su iya ƙara giram 200 a mako, na ɗaya yawanci kitse, na ɗayan yawanci tsoka da gaɓoɓi, sikeli ya rubuta musu lamba ɗaya. Kuma bakwaini idan ya fito duniya jikinsa ya fi saurin tara kitse a kan gina tsoka. Daga baya na karanta wani nazari da masana a Ingila suka fitar a 2012, inda suka tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban. Suka gano cewa idan bakwaini ya kai ranar da ya kamata a haife shi, kitsensa kusan daidai yake da na jaririn da ya cika wata, amma sauran jikin, wanda ba kitse ba, ya gaza da kusan giram 460. Ma'ana, duk da ƙanƙantarsa a ido, kason kitse a jikinsa ya fi na wancan yawa. Giɓin ba a kumatu yake ba, a tsoka da gaɓoɓi yake.

Shi ya sa furotin ya zama abin magana. Bakwaini mai nauyi irin na 'yata yana buƙatar giram 3.5 zuwa 4 na furotin a kan kowane kilo a rana, abin da ya ninka na babban mutum sau huɗu ko fiye. Sukari da maiƙo suna ɗaga lambar sikeli, amma ba su gina tsoka. Har akwai garin da ake zubawa cikin nonon uwa don ƙara masa furotin da kalsiyam ga waɗanda aka haifa ƙasa da mako 32 ko kilo 1.5, likita ce ke yanke wanda ya dace a ba. Binciken da aka yi ya kuma nuna ƙaruwar wannan ɓangaren da ba kitse ba ita ce ta fi tafiya tare da bunƙasar ƙwaƙwalwa. A ɗaya gefen, yaron da aka yi wa ɗura ya yi ƙiba da gaggawa alhali tsawonsa bai bi ba, ana danganta hakan da teɓa da hawan jini da ciwon sukari idan ya girma. A manyan cibiyoyin bincike akwai na'ura mai suna PEA POD da ake sa jariri a ciki na 'yan mintoci, ta auna iskar da jikinsa ya ture, ta fitar da kason kitsensa. Mu da tef da allo aka yi mana, kuma sun wadatar: kai yana faɗin labarin ƙwaƙwalwa, tsawo yana faɗin na ƙashi da tsoka.

Duk lambobin ana ɗiga su a kan wata takarda mai lanƙwasassun layuka, jadawalin Fenton, wanda wata masaniyar abinci 'yar Kanada, Tanis Fenton, ta tsara a 2003 aka sabunta shi a 2013. Yana bin girman jariri daga mako 22 zuwa 50, na maza daban na mata daban. 'Yata a tsakiyar layukan aka haife ta, ta zame ƙasa a makonnin farko, sannan ta kama wani layi na ƙasa ta riƙa binsa. Likita ta ce abin da take so ke nan, ta bi layinta ba tare da ta sake zamewa ba, ba wai ta yi tsalle ta koma sama cikin wata guda ba.

Ba da kilo kaɗai aka sallame mu ba. Sai da ta iya riƙe ɗumin jikinta ba kwalba, ta iya shan nono da kofi sannan ta kama mama, ta daina ɗauke numfashi, ƙarin nauyin kuma ya ɗore. An duba mata ido, domin waɗanda aka haifa da wuri haka jijiyoyin bayan idonsu kan samu matsala. Muka fito tana kilo 1.75, da kwalbar maganin ƙarin jini na ɗigawa da ta bitamin D, da katin komawa awo.

A gida aka shiga wani babin. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ita ta tare a wajenmu don ta yi mini zaman jego, kuma ba zan iya biyan ta ba. Ita ta hana 'yan barka shiga ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Ku yi haƙuri, likita ya hana." Ita ta kori kaskon turaren wuta da na gawayi daga ɗakin bayan na gaya mata hayaƙi na cutar da huhun yarinyar. Da aka kawo maganar wanzami ya zo ya cire beli, ita ta ce ba a jikin jikarta ba. Goyon ƙirji ma karɓa-karɓa muka riƙa yi, ni da ita da ƙanwata. Har baban yaran yakan karɓa bayan isha'i, amma sai an turo ƙofa, kada abokansa su ji labari.

Inda muka saɓa da Hajiya wuri ɗaya ne, ƙiba. A wajenta, da ma wajen yawancinmu, lafiyayyen jariri shi ne ɓul-ɓul, mai kumatu da guraye a cinya. Akwai 'yar ƙanwar maigidana da aka haifa mako ɗaya da tamu, cikakkiyar wata tara. Duk sanda aka haɗu a gidan biki sai an jera su. Waccan tana wata huɗu ta riƙe wuya tana ɓangala dariya, tamu tana nan 'yar firit. Sai ka ji ana cewa, "Wannan kuwa nonon yana isar ta?" Maganar tana yi wa Hajiya zafi fiye da ni. Wata rana ta dawo daga kasuwa da gwangwanin madara da garin kastad, ta ajiye a gabana ta ce, "Ke 'yar nan, boko dai boko ne, amma ni na reni takwas. A riƙa dama mata wannan ta yi kumari."

Ban iya musu da ita ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Na ce, "To Hajiya, ranar awo mu je tare, in likita ta amince sai a fara." Muka je. Likitar ta gaishe ta har ƙasa, ta ce, "Mama, watan jikar taki nawa?" Hajiya ta ce huɗu. Ta ce, "A wajenku huɗu, a wajena wata ɗaya da rabi." Ta yi mata lissafin: ciki mako 40 ne, an haife ta a 30, saura 10. Duk sanda za a duba girmanta ko wayonta, sai an cire mako 10 daga kwanakinta na duniya, kuma haka za a riƙa yi har ta shekara biyu. Wanda ya jera ta da 'yar wata huɗu ya zalunce ta. Sannan ta ɗauko katin ta nuna mata ɗigon kai yana hawa, na tsawo yana hawa, ta ce, "Mama, in ƙiba kike so, wata ɗaya ya ishe ni in ƙibanta miki ita. Amma kitse zan tara mata, ba ƙwaƙwalwa ba. Hanjinta kuma bai isa ɗaukar kastad ba." Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri." Madarar dai yayyen ne suka shanye ta a shayi.

Ina ganin wannan cire makonnin shi ne abin da ya fi kamata a koya wa dangi, ba uwa kaɗai ba. Uwa tana jin bayani a asibiti, amma surutun a gida yake, kuma yawancin kunun da ake ɗura wa bakwaini kafin lokaci ba don yunwa ake ba shi ba, don a rufe bakin mutane ne. Wuri ɗaya ne ba a cire komai: rigakafi. Shi da ranar haihuwa ake ƙirga shi, allurar mako 6 da ta 10 da ta 14 duk a kan lokacinsu aka yi mata, domin garkuwar jikin bakwaini ta fi rauni, jinkiri ya fi yi masa illa.

Da zafin Afrilu ya shigo sai maganar ta koma kan ruwa, wai maƙogwaronta zai bushe. Nono kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma cikin da bai fi ɗaukar 'yan mililitoci ba, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin abinci. Na ƙara yawan shayarwa, ni na riƙa shan ruwan.

Abinci mun fara shi da ta kai wata shida a lissafin likita, lokacin ta riƙe wuya sosai tana zama idan an tallafe ta. Nan ma darasin furotin ya yi mini amfani. Koko tsararo da sukari yana cika ciki, amma ba abin da yake ginawa. Na riƙa soya gero da waken suya da gyaɗa in kai inji a niƙa, in dama mata da kauri. Daga baya ƙwai, dakakkiyar hanta, kifi da aka cire wa ƙaya, wake, alayyahu da zogale a cikin fate. Hanta da ƙwai ba kullum ake samu ba a wannan tsadar, ranar da babu sai wake da gyaɗa su tsaya. Maganin ƙarin jinin kuwa ba mu daina ba sai da likita ta ce a daina, duk da baƙin kashin da yake sa ta, wanda ya tsorata Hajiya da farko.

Bayan jadawalin Fenton ya ƙare aka koma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda aka gina da awon yara masu shan nono daga ƙasashe shida, har da Ghana. A kansa na ga yadda cikon giɓin ya tafi. Kai ne ya fara kamo na tsararrakinta, tun kafin ta shekara, har akwai lokacin da ya yi kamar ya fi ƙarfin jikin, mutane suna tambaya ko lafiya. Nauyi ya biyo baya a hankali, tsawo ne na ƙarshe. Ta zauna, ta yi rarrafe, ta taka, duk a makare idan an ƙirga daga ranar haihuwa, duk a kan lokaci idan an cire mako 10.

Da ta cika shekara biyu aka sallame mu daga asibitin bibiyar bakwaini, aka ce daga yanzu a daina cire komai. Nauyinta kilo 10 da rabi, a ƙasa da tsakiyar layi kaɗan, kai da tsawo suna cikin iyaka. Har yau siririya ce, kuma har yau idan Hajiya ta zo sai ta ɗaga ta ta jijjiga ta ce ba ta da auki, sannan ta zaro biskit da lemon kwalba daga jaka. Wannan yaƙin bai ƙare ba, domin cikin abin da likita ta ja mana kunne a kai ranar sallama har da kayan zaƙi. Ta ce duk asibitin da aka kai ta, ko ta girma ta yi aure, a faɗa cewa a mako 30 aka haife ta, kuma a riƙa auna mata jini lokaci-lokaci, saboda waɗanda aka haifa da wuri hawan jini ya fi saurin samun su. Abin da ya rage mana a kati yanzu awon ido ne kafin ta shiga makaranta, domin bakwaini sun fi sauran yara yawan buƙatar tabarau.